Hannun da Na Karɓa

Ni ban yi boko mai nisa ba. A aji huɗu na firamare na tsaya, shi ɗin ma rabinsa a gona na yi shi. Mai neman daɗin zance ya nemi wani. Abin da zan faɗa wasa ɗaya ne na ces, darar nan ta Turawa, tafiya ashirin da huɗu, wanda na buga wata Lahadi a Sabon Garin Zariya, na kuma rubuta shi da hannuna kamar yadda dokar gasa ta ce.

Shekara goma sha tara na yi ina kula da inji a wani kamfanin gurzar auduga. Wata safiya muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Aka ce mu jira, muka jira har kowa ya kama gabansa. Lokacin wayar hannu ta fara shiga aljihun mutane, ni kuwa ina da shekara arba'in da shida, da mata, da 'ya'ya huɗu a ciki da falo a Samaru. Na yi dako a kasuwa, bayana ya ƙi. Na nemi gadi, aka ce tsofaffin sojojin barikin Basawa sun fi ni dacewa. Na karɓi babur ɗin wani na yi acaɓa kwana tara, na zubar da wata mata a kwalbati, mai babur ya karɓe abinsa. Matata ce ta riƙe gidan da koko da ƙosai a bakin titi.

Sai yayana ya aiko daga ƙauye. Ya ce in damina ta faɗi ban sami abin yi ba, in kwaso iyali in dawo, akwai ɗaki, akwai fartanya. Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ranar da na bar ƙauyen ina saurayi, a gaban mahaifinmu na ce masa ni da fartanya sai dai a lahira. Shi bai manta ba, ni ma ban manta ba. Saura wata biyu ruwa ya sauka.

Ces kuwa a gindin wata bishiyar mangwaro na koye shi, bayan kasuwar Samaru, inda ɗaliban jami'a ke taruwa da yamma. Ni da ɗan dara ne, tun ina yaro ba a cika kayar da ni ba. Na fara tsayawa ina kallonsu, na yi wata uku ban ce uffan ba. Ranar da na zauna, na cinye wanda suke ji da shi. Suna kiran 'ya'yan da sunayensu na Turanci, ni na raɗa musu nawa: sarki da sarauniya, doki, hasumiya, kurata takwas a gaba. Wanda ke tafiya a karkace suna ce masa bishop, ni na ce liman ne. Maƙwabcina, wani malamin firamare mai ritaya, Kirista ne ɗan asalin nan Zariya, kowa Ticha yake ce masa. Duk lokacin da na ci nasa yakan ce, "Ka ci bishop ɗina, Maƙwabci, amma ka sani limaminka ma yau ba zai ja salla ba."

Buɗin wasa ɗaya na iya, kuma ba wanda ya koya mini. A dara mukan ciyar da mutum don ya buɗe mana hanya, shi na kawo nan. Tun tafiya ta biyu nakan miƙa kurtu kyauta, in mutum ya yi kwaɗayi in ƙara masa da doki. Ɗalibai suka ce ai Turawa sun san wannan tun ɗaruruwan shekaru, har suna gare shi, amma manyan 'yan wasa sun bar shi don ganganci ne. Na ce to, waɗanda suka fara shi ma da alama ba su da abin da za su rasa. Ni sadakar sarki nake kiransa.

Ticha ne ya zo da labarin. Wata Hajiya mai makarantar kuɗi a Hanwa tana son malamin ces, don iyayen yara sun fara tambaya. Ita ba ta san wasan ba, sai ta ce a yi gasa kwana biyu a wani ɗakin taro a Sabon Gari, wanda ya zo na ɗaya shi ne malamin. Albashi duk wata, ba ruwanta da takardar shaida.

Na ce, "Ticha, wannan nawa ne."

Ya ce, "Naka ne in ka iya rubutu. A gasa duk tafiyar da aka yi sai ka rubuta ta, taka da ta abokin karawarka. Kuma akwai agogo, kowa da lokacinsa, in naka ya ƙare an cinye ka."

Sati uku muka yi, kullum bayan la'asar, a kan bencin ƙofar gidansa. Haruffa takwas ne kawai da lambobi takwas na sunayen gidajen allo, amma b da d sun hana ni sakat. In rubuta ɗaya, ya ce cikinta baya ya kamata ya kalla. Biro a hannuna kamar an ba ni allura in ɗinke buhu da safar hannu. Ya koya mini buga agogo da hannun da na yi tafiya da shi. Ya koya mini in ka taɓa ɗa, dole ka tafi da shi. Ya koya mini a yi shiru, ba a zolaya, ba a waƙa kamar a dara. Ya ce a gaisa kafin a fara. Duk ya faɗa. Abu ɗaya ya tsallake, kuma ban ga laifinsa ba, don a gindin mangwaro ba ma raba wasa a ce an yi canjaras. Mukan buga har sarkin wani ya mutu ko a kira magariba a watse.

Ranar Asabar na sa rigata ta Juma'a. Matata ta ɗaure mini ƙosai a takarda, ta ce, "Malam, ko yara ne kar ka ji tausayinsu." Mu ashirin da wani abu ne, yawanci ɗalibai, sai wani likitan dabbobi da wani soja. Ni kaɗai ne mai furfura. Alƙalin wasan wani Bayerabe ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa gudu.

Wasan farko agogo ne ya cinye ni. Na kama yaron da aka haɗa mu kamar kaza, amma ina can ina kokawa da biro, sai ya nuna agogo ya ce lokacina ya ƙare. Na fita waje na tsaya a rana. Ticha ya biyo ni ya ce in daina gyara rubutu, ko ya karkace in bar shi, ba jarrabawa ba ce. Na koma na ci biyu a ranar, na ci ɗaya da safen Lahadi. Duk ukun da suka ga ba mafita sai suka kwantar da sarkinsu a kan allo, sannan muka gaisa.

Saura wasa ɗaya. Wani saurayi siriri ya ci huɗu, ni ina da uku. Alƙali ya tsaya ya yi bayani: in na cinye shi, mun yi daidai, kuma wanda ya doke ɗan'uwansa shi ne na ɗaya. Ke nan ni sai na ci. Shi ko rabawa aka yi ta ishe shi. Na ji wannan da kunnena, amma rabawar ba ta zauna mini a kai ba, don ban taɓa ganin yadda ake yin ta ba.

Aka ba ni farare. An ɗauke wuta, janareta na ta ruri a bayan taga, fanka ɗaya ce ke juyawa. Da muka zauna na lura da takalminsa, an ɗinke shi da zaren roba a gefe. Rigarsa a goge amma wuyanta ya cinye. Ya ce, "Baba, a yi mini a hankali." Na ce, "Kai ma haka."

Na tura kurtun gaban sarki taki biyu, na rubuta e4. Ya tura nasa suka yi karo. Na tura na gefensa, f4, na ajiye masa shi a baki. Ya ɗago ya dube ni, ya ci. Na fito da doki. Ya turo wani kurtu don ya kare abin da ya ci. Na fito da liman. Ya sake turo kurtun ya ɗora shi a wuyan dokina. Duk mai hankali a nan zai janye doki. Na bar shi a wurin, na ɓoye sarkina a lungu. Na ji 'yan kallo sun yi motsi a bayana, wani ya yi tsaki. Ya yi kusan minti goma yana kallon dokin nan kamar mai duba tsire a hannun baƙo. Sannan ya ci. Sarauniyata ta ɗauke kurtun da ya ci dokin.

Tafiya shida ke nan, na rasa doki. Amma sarauniyata da hasumiya suna layi ɗaya, liman yana gefe, duk suna kallon gida ɗaya da ke kusa da sarkinsa. Shi kuwa 'ya'yansa duk suna kwance a gida ba wanda ya fito. Haka sadakar take. Ka yi yawa a aljihu, ni in yi yawa a ƙofarka.

Yaron ya iya wasa, ba zan ci amanarsa ba. Ya fito da sarauniyarsa ta yi ta tare ƙofa ita kaɗai. Na ƙara masa wani kurtu don ta kauce. Ya so ya ɓoye sarkinsa, ban ba shi sarari ba, sai da ya taka da ƙafa ya koma gefe, ya toshe wa hasumiyarsa hanya. Gumi ya jiƙa mini takarda har biro ya fara ƙin kamawa. Ban tuna da gida ba, ban tuna da yayana ba. Tunda aka rufe kamfani ban taɓa jin kaina daidai ba kamar a wannan awa ɗaya da rabi.

A tafiya ta ashirin da huɗu na ajiye hasumiyata ta biyu a tsakiya, na buga agogo. Na ga mutuwar sarkinsa sarai. Duk inda ya bi, tafiya uku ce: sarauniya ta yi masa cek, wato ta kai wa sarkinsa hari, ya kauce gida ɗayan da ya rage masa, hasumiya ta sauko, ya tare da doki, liman ya rufe. Na bi lissafin sau uku a kaina, ba ƙofa. Na ce a raina, Allah, ka ga dai ban roƙi kowa ba.

Ya daɗe. Sannan ya matsa liman ɗinsa, tafiyar da ba ta hana komai. Na sunkuya in rubuta. Gidan da ya sauka harafin nan ne mai ciki, na tsaya ina tuna ko b ce ko d, ina ƙirga gidajen daga hagu da bakin biro. Ina cikin haka sai na ga inuwa a kan takardata. Ya miƙe tsaye, ya ɗan rusuna, ya miƙo hannun dama, na hagu yana riƙe da tsintsiyar hannun, yadda yaro mai tarbiyya ke gaida babba. Ya ce, "Baba," ya ƙara wata kalma a hankali wadda janareta ya haɗiye rabinta.

Na ajiye biro na karɓa. Ban yi tunani ba. Mutane sun sha tambayata ko na zaci ya sallama ne, kuma da na ce e da na fi mutunci. Amma ban zaci komai ba. Shekara arba'in da shida duk wanda ya miƙo mini hannu na karɓa, masoyi da maƙiyi, a masallaci da kasuwa da wurin makoki. Hannun ne ya tafi da kansa. Har na dawo da shi na dafa ƙirji. Sai da tafinsa mai sanyi ya bar nawa sannan kalmar ta iso kaina. Duro ya ce, wato a raba wasan.

Ya tsayar da agogo. Alƙali ya zo ya ɗauki takardunmu zai rubuta rabi da rabi.

Na ce, "Tsaya. Me za ka rubuta?"

"Kun raba, Baba."

"Wa ya raba? Dubi allon nan. Sarkinsa ya mutu, tafiya uku."

Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Shi ma ɗan wasa ne, na ga lokacin da ya gani, don ya cije leɓe. Ya ce, "Ya ce maka duro?"

"Ya ce wani abu."

"Kun gaisa ko ba ku gaisa ba?"

Mutum talatin suna tsaye a kanmu. Na ce, "Mun gaisa."

"To, Baba."

Ticha ya kutso, yana haki. Ya ce, "Ranka ya daɗe, dattijon nan bai san dokar ba. Ni ne malaminsa, ni ban faɗa masa ba. Gaisuwa ya amsa. Kai ɗan garin nan ne, ka taɓa ganin an miƙa wa Bahaushe hannu biyu ya noƙe?"

Alƙali ya ce, "Ticha, ni ma da ni ne zan iya karɓa. Amma in na warware wannan, gobe duk wanda ya raba ya ga ya yi kuskure zai ce gaisuwa ya yi. Sai dai in shi yaron ya yarda a ci gaba."

Duk aka juya ana kallonsa. Yana tsaye yana kallon ƙasa. Na ce, "Ɗana, zauna mu ƙarasa. Tafiya uku ce, ba za ta ɗauke ka minti biyu ba." Na ji muryata ta canja, irin ta masu bara, ban iya gyara ta ba. Na ce, "Don Allah. Don darajar iyayenka." Sojan nan ya ce, "Kai, zauna mana, ka san abin da ka yi." Wani ɗalibi daga baya ya ce doka doka ce. Yaron bai ɗago ba. Ya ɗauki biro ya sa hannu a takardarsa.

Alƙali ya miƙo mini tawa. Na ce ba zan sa ba. Ya ce ko ban sa ba sakamakon ya zauna. Na ƙarasa rubuta tafiyarsa ta ƙarshe dai, don ban son a ce wasan bai cika ba. Ashe b ce.

Da ƙafa na koma Samaru. Ticha ya so ya biya mini mota, na ƙi, sai ya biyo ni, tsoho da ciwon gwiwa. Muka yi ta tafiya har muka wuce Hanwa. Can ya ce, "Maƙwabci, ka yafe mini." Na ce ya bar zancen. A gida matata ta dubi fuskata, ta gane, ta sauke tukunya.

Ranar Litinin na sa allona da 'ya'yan a jaka na tafi makarantar Hajiya. Na san ba a yi, amma na tafi. Na zauna a bencin masu jira tun safe har azahar ta kusa, sannan aka ce in shiga. Mace ce mai fara'a, ta ce a kawo mini ruwa. Na roƙe ta minti biyar. Na shimfiɗa allo a kan teburinta, na buɗe takardata, na buga mata wasan tun daga farko, tafiya bayan tafiya, ina ajiye waɗanda aka ci a gefe. Da na zo ƙarshe na nuna mata ukun da suka rage.

Ta gyara tabarau. Ba allon ta duba ba, gefe ta duba, inda matattu suke. Ta sa yatsa tana ƙirgawa.

"Malam, farare ne naka?"

"Su ne, Hajiya."

"To ai naka aka fi ci. Ga doki, ga waɗannan ƙananan. Tun farko ma na ga kana ta ba shi yana ci."

"Da gangan ne, Hajiya. Haka buɗin yake. Ana bayarwa don a sami hanya."

Ta yi murmushi irin wanda ake yi wa mara lafiya. Ta ce, "Ni dai a ganina yaron nan ya yi maka kara ne da ya ce ku raba. Ya ga furfura. Kuma gaskiya, Malam, iyayen nan in suka ji ana koya wa 'ya'yansu su riƙa zubar da kayansu tun daga farawa, ban san me zan ce musu ba."

Na ce ta kira alƙalin ta tambaye shi. Ta ce ai alƙalin ne ya kawo mata sakamako a rubuce. Na ce ko shara ce a makarantar zan yi, ko gadi, ko wankin bayi. Ta ce duk akwai masu yi, amma in bar lambar waya. Na ce ba ni da waya. Ta ce to, Allah ya kawo wani rabon.

A bakin ƙofar makarantar na gamu da saurayin nan zai shiga. Ya ɗaura laktaye a wuya, a kan rigar jiya. Ya so ya kauce, hanyar ta yi mana kaɗan.

Na ce, "Ka ga tafiya ukun nan?"

Ya ce, "Na gani, Baba. Tun kafin ka ajiye hasumiyar."

"To shiga ka faɗa mata haka. Ban ce ka bar mini aikin ba. Ka faɗa mata kawai."

Ya murza bakin fayil ɗin da ke hannunsa. Ya ce, "Shekara uku ke nan da na gama jami'a, Baba. Ba ofishin da ban kai takardun nan ba." Sai aka kaɗa ƙararrawa, ya wuce ciki.

Na ƙara sati biyar ina yawo. Na je wajen masu gidajen burodi, na je tashar mota, na je Bomo wajen masu gina ɗakunan haya na ɗalibai, na ɗauki bulo kwana biyu, a na uku ban iya tashi daga tabarma ba. Ruwan farko ya sauka wata Alhamis da rana, ina kwance ina jin sa a kan kwano. Matata ta shigo da kaskon suyarta a jiƙe, ta jingina shi a bango, ta ce, "Malam, a aika wa Yaya ko?" Na ce a aika.

Wata motar ɗaukar taki ce da za ta bi ta wajenmu ta kwashe mu. Gado, katifa biyu, tukwane, keken ɗinkin da ya lalace. Ticha ya taya mu lodi, matarsa ta kawo wa yara dafaffiyar gyaɗa a leda. Muka hau baya muka zauna a kan buhuna. Da muka bar kwalta muka shiga hanyar ƙasa, 'yata ta biyu, wadda ke aji biyar kuma kullum ita ce ta ɗaya, ta matso kusa da ni don ƙarar injin.

Ta ce, "Baba, akwai makaranta a can?"

Na ce akwai. Lokacin ban sani ba ko akwai.